Mai Karɓar Kuka Shi Ma Sai An Koya Masa

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Wudil ran Juma'a ya san ba a sayen saniya da ka. Mai saye ya kan nemo dillalin da ya ƙware, ya buɗe bakinta ya dubi haƙora, ya shafa tozo, ya ɗaga kofato, kana a shiga ciniki. In ta kwanta ciwo kuwa, ba wanda zai kira maƙwabcinsa don kawai mutumin kirki ne, sai a nemo malamin dabbobi. Ko direban da zai haye gada da ita sai ya riƙe lasin. To, ga abin mamaki. Ran da aka yi wa 'yar mutum fyaɗe, ko miji ya fasa wa matarsa baki, ko aka daki yaro har hannu ya karye, sai mu miƙa su ga wanda muka fara cin karo da shi, ba ma tambaya ko ya taɓa koyon abin da zai yi. Mu ce ai dattijo ne, ai mai tausayi ce. Watau saniya ta fi 'ya'yanmu samun gwani ke nan.

Abin da na ke so in tsaya a kai, 'yan'uwa, shi ne karɓar wanda aka zalunta sana'a ce, kamar ɗori, kamar ungozomanci, kamar alƙalanci. Tana da ƙa'idodi, tana da lokaci, tana da abin da a ke faɗi da abin da ba a faɗi. Wanda bai koya ba, kome kyan zuciyarsa, ya kan ƙara wa miki gishiri yana tsammani magani ya ke sawa. Ban faɗi haka don in zargi kowa ba. Ni ma na yi, kuma da nawa laifin zan fara.

Shekarun baya, a wani gari inda na yi aikin akawu, aka kawo wata yarinya 'yar talla, ba ta fi shekara 11 ba. Ran Litinin da la'asar wani magidanci ya kira ta zaure wai zai sayi gyaɗa, ya yi mata abin da ya yi. Da ta koma gida uwarta ta ga halin da ta ke ciki, sai ta dafa ruwa ta yi mata wanka, ta gasa ta, ta wanke zanen tas ta shanya. Wace uwa ce ba za ta yi haka ba? Uban ya tafi wurin mai unguwa. Mai unguwa, mutum ne mai gudun fitina, ya aika aka kira dangin mutumin, aka yi kwana biyu ana zaman sulhu a zaure, ana ja-in-ja a kan kuɗin magani. Sai ran Alhamis da dare kawun yarinyar ya komo daga tafiya, ya ce wallahi bai yarda ba. Ran Juma'a da hantsi suka iso ofis.

Ni ne na ɗauki alƙalami. Ofis cike da maza, sun kai goma, wasu ma wata buƙata dabam ta kawo su, suka tsaya kallo. Na dube ta na ce, "Ke, me ya kai ki zaurensa?" Har yau ina ganin yadda ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya, na ɗaga murya, don a zatona ba ta ji ba. Daga nan ba ta ƙara cewa uffan ba. Na rubuta a takarda cewa yarinya ta ƙi magana. Aka wuce da ita wani asibiti, a can ma wata ma'aikaciya ta tsaya a baranda ta ƙwala kira, "Ina mai fyaɗen nan?" Kowa ya waiwayo. Da magana ta je gaban shari'a babu tufa, babu alamar da likita zai tsaya a kanta, babu bayanin yarinya. Mutumin ya rantse, ya tafi abinsa. Kafin damina iyayen suka tattara kayansu suka bar garin.

Ku ƙirga mu. Uwa, uba, mai unguwa, akawu, ma'aikaciyar asibiti, mu biyar, ba mugu ko ɗaya a cikinmu. Mugu ɗaya ne cikin labarin, mu biyar kuwa muka taru muka kuɓutar da shi da hannunmu, don ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya koya mana.

Me ya kamata mu sani a ranar? Na farko lokaci. Akwai maganin da ke hana cutar ƙanjamau kama wanda aka yi wa fyaɗe, amma sai an fara shan sa cikin awa 72, watau kwana 3, a ci gaba da sha har kwana 28. In an fara tun daren farko ya fi. In kwana 3 ya wuce, ƙofar nan ta rufu. Kwana biyun da muka ɓata a zaure muna cinikin mutunci, ashe lafiyar yarinya mu ke ci. Akwai kuma maganin da ke hana ciki shiga, iyakarsa kwana 5. Akwai allurar ciwon hanta, da ta sandarewar jiki in akwai rauni, da maganin cututtukan sanyi. Saboda haka asibiti ne farko, kome kuma ya biyo baya. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin asibiti ya ƙi duba wanda ke bukatar taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili, don haka ba a cewa sai an kawo takardar 'yan sanda tukuna.

Na biyu shaida. In da hali kada a yi wanka kafin likita ya duba, kada a wanke tufa. A naɗe ta cikin takarda mai tsabta, ban da leda, domin leda tana riƙe laima ta ɓata alamar. In kuwa an riga an yi wankan, kada a ce shi ke nan, a tafi duk da haka, magani bai dogara ga shaida ba.

Na uku, wanda ya fi wuyar koyo, shi ne baki. Wanda aka horar ya san ba a tambayar yarinya a gaban taro. A keɓe ta, da wata mace da ta amince da ita. Ba a cewa me ya kai ki, domin wannan tuhuma ce ta sa rigar tambaya. Sai a ce, "Gaya mini abin da ya faru, ba ki yi laifin kome ba," sa'an nan a yi shiru a jira. Ba a sa mata magana a baki. A rubuta kalmominta yadda ta faɗa, da rana, da sa'a, sau ɗaya, don kada a riƙa zagayawa da ita tana maimaitawa gaban mai unguwa, gaban dagaci, gaban kofur, gaban nas, har labarin ya sassaɓa lauyan mai laifi ya sami abin kamawa. Shirun yaro kuma ba ƙarya ba ne, firgita ce. Da na san wannan kaɗai, da ban rubuta abin da na rubuta ba. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga wani ɗan littafi domin ma'aikatan asibiti, ta taƙaita wannan aiki cikin matakai 5: a saurara, a tambayi abin da ta ke bukata, a nuna mata an gaskata ta, a duba ko akwai sauran haɗari a kanta, a haɗa ta da inda za ta sami taimako. Faɗinsu da sauƙi. Amma ku gwada sauraron mutum minti 10 ba ku katse shi da nasiha ba, ku ga in ba sai da koyo ba.

Haka kuma matar da ta zo da kumburarren ido. Mu abin da muka iya guda biyu ne, ko mu ce yi haƙuri ki koma, ko mu zuga ta mu ce fito. Wanda ya koyi aikin ba ya gaggawar ko ɗaya. Ya kan tambaya: ya taɓa shaƙe ki? Ya taɓa zaro wuƙa? Ya taɓa cewa zai kashe ki? Dūkan yana ƙaruwa ne ko yana raguwa? Domin masu binciken wannan al'amari sun tabbatar mijin da ya kai ga shaƙe wuya ya fi kusa da kisa, kuma lokacin da mace ke shirin fita shi ne ya fi haɗari. Dattijon da bai san haka ba sai ya kama hannunta ya mai da ita ɗaki da magariba, ya koma gida yana murna ya gyara aure.

Na san abin da wasu za su ce, don na sha ji. Za su ce wannan duk shirin Turawa ne, mu muna da hanyarmu tun kaka da kakanni, muna da sulhu, muna da rufin asiri. To, bismilla, mu koma littattafanmu, kada mu tsaya ga abin da muka ji a bakin kasuwa. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ya san an ce macen da ciki ya bayyana gare ta, ta ce tilasta ta aka yi, ba a karɓar maganarta sai da alama, kamar a ce an shaida an ɗauke ta da ƙarfi, ko ta zo tana neman agaji a lokacin da abin ya auku, ko ta zo tana jini. Ku duba da kyau. Malamanmu da kansu suka rataya kuɓutar mace ga kukan da ta yi a sa'ar farko, da wanda ya ji kukan. Wanda ya ce mata yi shiru, je ki wanke, kada kowa ya ji, ya ƙwace mata hujjar da shari'a ta ba ta ke nan, ya bar ta ita kaɗai ran da ciki zai fito. Cikin Muwaɗɗa kuma Imamu Malik ya bayyana babu uƙuba a kan wadda aka tilasta, uƙuba tana kan wanda ya tilasta ta, har da biyan sadaki. Ina aka ce a tara dangi a zaure a yanke kuɗin goro a sallame shi? Rufin asiri na gaskiya shi ne kada a ƙwala kiran yarinya a baranda, kada sunanta ya fita daga littafin ofis. Wannan kuwa shi ne ainihin abin da horon ke koyarwa. Abin da mu ke kira rufin asiri a zaurukanmu, asirin namiji mu ke rufewa, na yarinya kuwa kafin la'asar ya gama unguwa.

Sulhu alheri ne a rikicin gona, da bashi, da faɗan kishiyoyi, da saɓanin miji da mata wanda bai kai ga jini ba. Amma sanin inda sulhu ya tsaya, shi ma ilmi ne. Kura da akuya ba a zaunar da su a ce kowa ya rage.

Batun cewa ba mu saba da horo ba kuwa, tarihi ya ƙaryata shi. A 1934 aka buɗe makarantar shari'a a Kano don a horar da alƙalai, ita ce daga baya ta zama Makarantar Ilmin Larabci. Mutanen da suka haddace fiƙihu tun suna samari aka ce duk da haka su zauna a aji, kuma suka zauna. Mahaifina akawun En'e ne, ya kan ba mu labarin yadda a ke tura irinsu Zariya su koyi riƙon littafin kuɗi da rubuta wasiƙa. Duba-gari sai ya bi ta makarantar tsabta ta Kano kafin a bar shi ya leƙa randar mutane. In mai duba randa sai an koya masa, yaya mai duba zuciyar da aka fasa?

Wasu kuma za su ce abin bai kai yadda na ke kururutawa ba. A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da taimakon asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta bi Nijeriya tana tambayar yara da matasa. Abin da ta samu, cikin yara 10, guda 6 sun gamu da wani irin zalunci kafin su kai shekara 18. Yarinya 1 cikin 4, da yaro 1 cikin 10, an ci zarafinsu ta hanyar lalata. Waɗanda suka sami wani taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Ku lura, har da yara maza, waɗanda mu ko tambayarsu ba ma yi. Ga kuma misali a jiharmu. A watan Yuni na 2020 'yan sanda suka ba da sanarwar kama wani mutum a Kwanar Ɗangora, suka ce ya amsa ya yi wa mata wajen 40 fyaɗe cikin shekara guda, har da tsohuwa mai shekara 80. Ni ba mutumin ne ya fi tsaya mini a rai ba, lissafin ne. Kafin ta 40 akwai ta farko, da ta biyu, da ta goma. Mace ba ta kai kukanta inda ta san za a tozarta ta. A cikin wannan watan ne gwamnonin ƙasar nan suka taru suka ce sun sa dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe.

Dokoki kam, alhamdu lillahi, ba mu rasa ba. Akwai ta tarayya ta 2015 mai hana cin zarafin mutane, wadda jihohi ke karɓa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshen 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta kafa majalisar kula da ma'aikatan jin daɗin jama'a, don a san wa ya cancanci wannan suna. A 2023 Jihar Kano ta yi tata dokar kare yara. Amma ni akawu ne, na san inda takarda ta kan kwana in ba wanda ya san aiki da ita. Cikin kabad, gara na karatu.

Wuraren gwanaye ma an fara. A 2013 aka buɗe cibiyar Mirabel a asibitin koyarwa na Ikeja a Ikko, inda likita da nas da mai ba da shawara ke zaune wuri guda. A Kano akwai irinta mai suna Waraka a Asibitin Murtala. Madalla da wannan. Sai dai daga Wudil zuwa Kano wajen kilomita 40 ne, wanda ke ƙauyen da ke bayan kogi kuwa sai ya fara neman babur zuwa bakin titi. Uwar da ba ta da kuɗin mota, ba ta kuma taɓa jin sunan wurin ba, ba Waraka za ta fara zuwa ba. Ungozoma za ta fara gani, ko matar liman, ko mai unguwa, ko 'yar Hisba, ko malamin ɗakin shan magani, ko kofur ɗin da ke kanta da dare. Waɗannan su ne ƙofar farko. In ƙofar farko ta ɓata kwana 3, gwanin da ke birni ba shi da abin da zai yi sai ya rubuta an makara.

Sai masu cewa ai an riga an yi, mun ba da horo. Su ne na fi jin haushi, Allah ya sani. Na ga irin horon da su ke nufi. A kama ɗakin taro a otal, a rataya ƙyalle, a kira mutum 50 waɗanda rabinsu 'yan'uwan mai rubuta sunaye ne, a yi ta jawabi da Turanci kwana biyu, a ci shinkafa da kaza, a raba kuɗin zama da jaka, a ɗauki hoto. Ungozomar da ke aikin tana ƙauye ba wanda ya gayyace ta, don ba ta jin Turanci. Bayan wata uku a ɗauke ma'aikacin da ya halarta a mai da shi sashen haraji. Wannan ba horo ba ne, walima ce. Ku da kuka yi ajin yaƙi da jahilci ku ne shaidata. Cikin kwana biyu kuka iya karatu? Watanni kuka yi kuna jan baƙi a ƙasa da kan allo, malami na kama hannunku, kuna kuskure yana gyarawa, daga ƙarshe aka jarraba ku kana aka ba ku takarda. Horon gaskiya ke nan. A yi shi da Hausa. A sa ɗalibi ya zauna, wani ya fito kamar uwar da ta kawo kuka, ya gwada karɓarta a gaban malami, in ya ce me ya kai ki, a tsai da shi a sake daga fari. A jarraba shi, wanda ya faɗi kada a ba shi takarda ko ɗan wane ne. Bayan ya koma bakin aiki a sa babba ya riƙa zagayowa duk wata yana duba littafinsa, yana kuma jin damuwarsa, domin mai sauraron irin waɗannan labarai kullum, in ba shi da inda zai sauke, ko dai zuciyarsa ta bushe ko ya gudu daga aikin.

Kuma in akwai garin da bai kamata ya ce ba shi da malamai ba, Wudil ce. A nan makarantar horon manyan 'yan sanda ta ke, wadda ke yaye hafsoshi da digiri tana rarraba su ko'ina cikin Nijeriya. A nan jami'ar kimiyya da fasaha ta ke, wadda ta fara aiki a 2001, yanzu tana ɗauke da sunan Aliko Ɗangote. Ga babban asibiti. Abin kunya ne garin da ke koya wa ƙasa duka aikin ɗan sanda a ce mai unguwar da ke bayan katangar makarantar bai san zancen awa 72 ba. Abin da na ke roƙo bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Daga kowace mazaɓa a zaɓo mace biyu da namiji ɗaya waɗanda mutane suka riga suka saba kai musu kuka, a haɗa da masu unguwanni da ma'aikatan ɗakunan shan magani. Rana ɗaya a mako, wata 6. Likita ya koyar da nasa, lauya da alƙali su koyar da nasu, ɗan sanda nasa, ma'aikacin jin daɗin jama'a nasa. A babban asibiti a keɓe ɗaki mai ƙofa da labule, da nas biyu waɗanda aka tura Waraka suka ga yadda a ke yi, a ajiye maganin a wurin, kada a ce sai Litinin mai makulli zai zo. A ware ɗan kuɗin mota don wanda dole sai an kai shi birni. In aka ce babu kuɗi, a kawo lissafin walima ɗaya ta otal mu gwada.

Ku kuma masu karanta wannan, Allah ya ba ku abin da iyayen yarinyar nan ba su da shi, watau alƙalami. In irin wannan ta faɗo a unguwarku, kafin a fara gardama a zaure ku rubuta rana da sa'a, ku ce a tafi asibiti yanzu, zance ya jira. Sa'an nan ku rubuta wa kansilan mazaɓarku wasiƙa, ku tambaye shi abu uku: wane ne aka horar a mazaɓar nan don karɓar wanda aka ci zarafinsa, a ina aka horar da shi, wa ya jarraba shi. In ya ba ku suna, ku je ku ga mutumin da idonku, ku tambaye shi kwana nawa a ke da su kafin maganin ƙanjamau ya daina amfani. In bai amsa wasiƙar ba, ku sake rubutawa bayan mako biyu, ku aika da ɗaya ga shugaban ƙaramar hukuma, ɗaya ga hakimi, ku ajiye kwafi a gida da kwanan wata a kai.